Tekun da Ƙoshi Ya Shaƙe: Tarihin Lakar Baltik

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba da kuma waɗanda suka fi son karatu. Na ɗan gyara wasu wurare, amma maganar tana nan yadda na yi ta.

Yau za mu yi nisa. Za mu bar zafin nan namu mu tafi arewacin Turai, inda teku ke daskarewa da hunturu har mutum ya taka shi da ƙafa. Kuma ba a saman ruwan za mu tsaya ba, can ƙasa za mu nutse, cikin laka, wurin tsutsotsi da ƙumba. Na san wani zai ce, yau kuma? Duk matsalolin da ke gabanmu, sai tsutsar Turawa? Ku ɗan yi mini haƙuri in gaya muku abin da ya kai ni.

Kwanakin baya muna zaune da 'yan ƙungiyarmu bayan mun gama yashe kwatar unguwa, damina ta uku ke nan a jere, sai wani ƙanenmu ya yar da shebur ya ce, "Yaya, wallahi aikin banza muke yi. Shekara uku muna fama, kuma bana ma ruwa ya shiga gidaje." Ranar ban ce masa komai ba, don ni ma a raina abin ya dame ni. To wannan shirin shi ne amsata. Labarin wasu mutane ne da suka shafe shekara hamsin suna gyara, kuma har yau aikin bai ƙare ba.

Tekun Baltik ƙasashe tara ne suka kewaye shi: Denmak, Jamus, Polan, Lituweniya, Latbiya, Estoniya, Rasha, Finlan da Suwidin. Ba shi da zurfi sosai, matsakaicin zurfinsa kamar mita 55 ne. Amma ƙasar da ke juye ruwanta a cikinsa ta ninka shi faɗi sau huɗu, kuma mutum wajen miliyan 85 ne ke zaune a kanta. Koguna fiye da 200 ke kwarara cikinsa. Mafi girmansu shi ne Neba, wanda ya ratsa birnin San Pitasbag na Rasha, sai Bistula da Oda daga ɓangaren Polan, sai Daugaba da ke faɗawa teku a Riga.

Hanyar da ta haɗa shi da babban teku kuwa 'yar ƙarama ce, mashigai uku ne matsattsu a yankin Denmak, kuma a wasu wuraren zurfin hanyar bai kai mita 20 ba. Saboda haka ruwan da ya shiga Baltik yakan yi shekara 25 zuwa 30 kafin ya fita. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Abu na biyu da za ku riƙe shi ne, Baltik ruwa biyu ne a kwano ɗaya. Lita ɗaya ta ruwan babban teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35. A tsakiyar Baltik, ruwan sama giram 7 ne kacal, saboda ruwan koguna ya tsarma shi. Ruwan da ya fi gishiri ya fi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, na koguna ya hau kansa, kamar dai mai da ruwa a kwalba. Iyakar da ke tsakaninsu tana wajen mita 60 zuwa 80, kuma tana aiki tamkar murfi. Guguwa tana kaɗa ruwan sama ta sa masa iskar oksijin, amma ba ta iya huda murfin nan. Na ƙasa sai dai ya jira, sai an yi wata irin iska mai ƙarfi daga yamma ta kwanaki ta turo sabon ruwan gishiri ta mashigan Denmak, sannan ya samu numfashi.

To su wa ke zaune a can ƙasan? Akwai wata 'yar ƙumba mai girman farcen babban yatsa, masana na kiranta Makoma, tana binne kanta a laka ta miƙo ɗan bututu sama tana zuƙar abinci. Akwai wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande, bai wuce santimita ɗaya ba, ana samun dubbansa a murabba'in mita guda. Akwai Saduriya, wadda in ka gan ta za ka ce ƙaton kyankyaso ne, takan kai santimita 8, kuma tana nan tun bayan zamanin ƙanƙara. Sai tsutsotsi iri-iri. Nau'ikan ba su da yawa, domin ruwan ya yi wa halittun teku ƙarancin gishiri, ya kuma yi wa na kogi yawan gishiri. A can arewa ma da yatsun hannu za ka ƙirga su. Wato in nau'i ɗaya ya mutu, babu mai karɓar aikinsa.

Kuma aiki suke yi ba na wasa ba. Duk wanda ya taɓa lambu ya san amfanin tana a ƙasa. Haka waɗannan suke, dare da rana suna tona laka, suna juya ta, suna shigar da iska cikinta. Lakar da ke da iska tana kama sinadarin fosforas ta ɗaure shi da ƙarfen da ke cikinta, kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ramukan tsutsotsin suna mayar da naitirojin ya zama iska ya fice daga ruwa. Su ne masu shara, su ne kuma abincin kifi.

Abincinsu fa daga ina? A nan kogi ya shigo. Da bazarar can, in ƙanƙara ta narke, koguna sukan cika su kwaso naitirojin da fosforas daga tudu. Rana ta dawo, sai wata gansakuka 'yar mitsitsiya, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta, ta yaɗu a ruwa. A lokacin ruwan yana da sanyi ƙwarai, ƙananan halittun da ke cin ta a sama ba su gama yawaita ba, sai mafi yawanta ta nutse ƙasa. Wannan shi ne girbin shekara na mazauna laka. Kun ga ashe asali kogi uwa ce gare su, shi ke ciyar da su.

Lakar tana ajiye tarihi kuma. In da rai a wuri, laka takan zama a cakuɗe, don ana tona ta. In babu rai, kowace shekara sai ta kwanta a kan ta bara, shimfiɗa-shimfiɗa, kamar shafukan littafi. Masana kan soka dogon bututu su ciro ta su karanta. Da haka aka gano cewa kimanin shekara dubu da suka wuce ma ramukan Baltik sun taɓa shaƙewa, lokacin da yanayi ya ɗan ɗumama kuma mutane suka yawaita suna sare daji don noma. Daga baya rai ya dawo. Wato tekun nan dama can mai rauni ne, abu kaɗan ke kayar da shi.

Yanzu mu shiga tarihin mutane. A farkon ƙarni na 20 akwai wani masani ɗan Denmak, C. G. Johannes Petersen, shugaban cibiyar binciken halittun ruwa ta ƙasar. Tambayarsa ta masunta ce: abinci nawa ke ƙasan teku, kuma kifi nawa zai iya ciyarwa? Sai ya ƙera wani ƙarfe mai baki biyu da ake saukarwa da igiya, ya ciji laka daga fili mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita, a jawo shi sama, a tace, a ƙirga duk abin da ke ciki, a auna nauyinsa. A 1911 ya fara wallafa sakamakon. Har yau irin wannan ƙarfen ake amfani da shi, wani samfurin ma da sunansa ake kira.

Tsakanin 1920 da 1923 wani ɗan Suwidin, Christian Hessle, ya ɗauki irin wannan aikin zuwa cikin Baltik, har da kewayen tsibiran Gotland da Oland. Ya rubuta wurin, ya rubuta zurfi, ya rubuta abin da ya samu. Aiki ne mai gundura, sanyi da laka da ƙirgar tsutsa. Ku tuna da sunansa, don littafinsa zai yi magana bayan shekara hamsin.

A can tudu kuma duniya tana sauyawa. Tun ƙarni na 19 manoman Suwidin da Denmak da Jamus suka dinga janye ruwan fadamu da tafkuna don su samu gona. Finlan daga baya ta haƙa lambatu a fiye da hekta miliyan 5 na dausayinta don itatuwan katako su girma. Fadama kuwa rariya ce, ita ke tare ruwa ta tace shi kafin ya isa kogi. Da aka cire ta, sai ruwa ya riƙa zarcewa kai tsaye. Birane suka samu masai na zamani mai ruwa, abin da ya ceci rayuka daga kwalara, amma bututun a kogi ya ƙare. A 1909 Fritz Haber ya gano yadda za a kamo naitirojin daga iska, a 1913 Carl Bosch ya kafa masana'antar farko a Jamus. Wannan shi ne asalin takin zamani, yuriyar nan da muke layi a kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu taki ya wadata a gonakin Turai, aka buɗe manyan gidajen kiwon aladu da shanu, garin sabulun wanki mai fosforas ya shiga kowane gida. Denmak har yau aladunta sun fi mutanenta yawa.

Ku lura fa, duk abubuwan da na lissafa ci gaba ne. Abinci ya ƙaru, cuta ta ragu. Babu wanda ya tashi da niyyar kashe teku. Amma a ƙasar sanyi gona takan zauna tsirara wata da watanni, babu shukar da za ta sha takin da ya rage, sai ruwan kaka da narkewar ƙanƙara su wanke shi zuwa kogi. A 1985 wasu masana uku na Suwidin, Larsson da Elmgren da Wulff, suka yi lissafi cewa daga farkon ƙarnin, naitirojin da ke shiga Baltik ya ninka kamar sau huɗu, fosforas kuma kamar sau takwas.

Alamar farko ta fito ne daga ma'aunin iska. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake auna oksijin a ramukan Baltik masu zurfi. A 1969 Stig Fonselius ya tattara waɗannan alƙaluma ya nuna cewa iskar tana raguwa tun wajen 1900, har a wasu ramukan ta ƙare ƙaf. Aka yi ta muhawara, wasu na cewa ai halin tekun ne, dama haka yake yi.

Sai a 1976 da 1977 Hans Cederwall da Ragnar Elmgren suka ɗauko littafin Hessle, suka koma daidai wuraren da ya je, da irin kayan aikinsa. Abin da suka gani ya ba da mamaki. A saman murfin nan, inda iska ke isa, nauyin halittun laka ya ninka sau da yawa, musamman ƙumba, sun ci sun yi ɓul-ɓul. A ƙasan murfin kuwa sun ragu matuƙa, wasu wuraren ma wayam. Abu ɗaya ne ya jawo duka biyun, wato abinci ya yi yawa.

Ga yadda abin ke tafiya. Taki ya ƙaru, gansakuka ta ƙaru, abin da ke nutsewa ya fi ƙarfin masu ci. Ragowar sai ya ruɓe, kuma bakteriyar da ke ruɓar da shi numfashi take yi, tana shanye oksijin. A ƙarƙashin murfi babu mai mayar da abin da aka shanye. In iskar ta sauka ƙasa da mililita 2 a kowace lita, kifi ya gudu. Masu rarrafe su bi bayansa in sun samu hanya. Ƙumba ba ta iya gudu, sai ta fito daga laka ta miƙa bututunta sama tana neman iska, tsutsotsi su bar ramukansu su kwanta a fili. In abin ya daɗe, su mutu a nan. Daga nan wata bakteriyar ta karɓi wuri, mai fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce. Laka ta koma baƙa ƙirin, wani farin abu kamar yanar gizo-gizo ya lulluɓe ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kududdufin da ya yi kore shar da rani ya san warin da nake nufi. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.

A 1978 Tom Pearson da Rutger Rosenberg suka tsara waɗannan matakan a wani rubutu da ɗaliban fannin ke karantawa har yau: da farko manyan halittu masu tsawon rai, masu haƙa da zurfi, su ke ɓacewa, sai ƙananan tsutsotsi masu saurin haihuwa su cika wuri, a ƙarshe su ma su tafi.

Yanzu ku duba siyasar lokacin. Tekun nan yana tsakiyar Yaƙin Cacar Baki. Gefe ɗaya Tarayyar Sobiyet da Polan da Jamus ta Gabas, ɗaya gefen Jamus ta Yamma da Denmak 'yan NATO, ga Suwidin da Finlan 'yan ba-ruwanmu. Duk da haka a watan Maris na 1974 ƙasashen nan bakwai suka zauna a Helsinki suka sa hannu a yarjejeniyar kare tekun, ta fara aiki a 1980, aka kafa hukumar da ake kira HELCOM. Masu nuna wa juna makamai sun yarda cewa najasa ba ta san iyakar ƙasa ba. A 1988 ministocinsu suka yi alƙawarin rage takin da ke shiga teku da rabi kafin 1995. Alƙawarin bai cika ba a kan lokaci.

Abin da ya fi takarda tasiri ya faru ne a Denmak. A watan Oktoba na 1986 masuntan wani ƙaramin gari, Gilleleje, suka dawo daga mashigin Kattegat, wato ƙofar Baltik, da wani irin babban jatan lande mai tsada da suke kamawa a laka, duk a mace, sun yi baƙi. Aka nuna su a labaran talabijin. Masana sun yi shekaru suna faɗa ba a ji ba, amma da mutane suka ga gawa a cikin akwatin kifi, ƙasa ta ɗauki zafi. Babbar ƙungiyar kare muhalli ta ƙasar ta hana maganar mutuwa, ta matsa wa 'yan majalisa. A 1987 aka zartar da shiri: a rage naitirojin da kashi 50 cikin 100, fosforas da kashi 80. Aka tilasta wa birane gina matatun ruwan najasa, aka sa wa manoma ƙa'ida kan adana kashin dabbobi da lokacin zuba shi a gona.

A gabas kuma, birnin Leningrad, wato San Pitasbag na yau, mai mutum miliyoyi, har zuwa 1978 duk ƙazantarsa ɗanya yake zubawa a kogin Neba. A shekarar ne aka buɗe matata ta farko. Bayan rushewar Sobiyet, maƙwabta irin su Finlan da Suwidin suka sa kuɗinsu a aikin, don sun gane cewa bakin tekunsu ne ke karɓar abin. Aka buɗe babbar matatar kudu maso yamma a 2005, aka kammala babban bututun arewa a 2013, daga nan birnin ya koma tace kusan kashi 98 cikin 100 na ruwansa. A 2007 a birnin Krakow ƙasashen suka raba wa juna kaso, kowa da adadin da zai rage, da burin teku ya warke kafin 2021.

Kuma an rage ɗin. Daga ƙololuwar da aka kai a wajen 1980, fosforas da ke shiga Baltik ya ragu da kusan rabi, naitirojin ma ya sauka sosai. To sai ku ce ai shi ke nan. Ina! A 2014 Jacob Carstensen da abokan aikinsa suka wallafa lissafin cewa yankin da ya shaƙe ya tashi daga kimanin murabba'in kilomita 5,000 a wajen 1900 zuwa kimanin 60,000. Wato jihar Kano sau uku, a ƙarƙashin ruwa, babu numfashi. Shekarar 2021 ta zo, burin bai cika ba, aka sabunta shirin zuwa 2030. A 2022 kuma yaƙin Yukiren ya sa aka dakatar da zaman da ake yi da Rasha.

Me ya sa an rage amma ba a warke ba? Na farko, tsohon bashi. Kun tuna na ce laka mai iska tana ɗaure fosforas? To in iska ta ƙare, sai ta sake shi. Takin da aka zuba tun zamanin kakanni yana tasowa daga ƙasa. Da rani wata irin gansakuka mai launin shuɗi da kore, wadda ke iya ɗibar naitirojin daga iska da kanta, takan samu wannan fosforas ɗin ta mamaye teku, har daga tauraron ɗan'adam ana ganinta. Ta mutu, ta nutse, ta shanye iska, laka ta ƙara sako fosforas. Kuma masu tonon da za su karya wannan zagayen sun riga sun mutu.

Na biyu, ruwan ceto ya yi ƙaranci. Da can sabon ruwan gishiri kan shigo sau da yawa a cikin shekara goma. Daga 1983 sai ya yi wuya, manyan da aka gani su ne na 1993 da 2003 da Disamban 2014. Na 2014 ɗin yana cikin mafi girma a tarihi, ya kai iska har ramin Gotland, amma cikin shekara ɗaya zuwa biyu ruɓaɓɓen abin da ya taru ya shanye ta. Na uku, tekun yana ɗumama, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Na huɗu, rayuwar sanyi a hankali take tafiya. Ɗan jatan landen nan da na ambata sau ɗaya yake haihuwa a rayuwarsa. Sannan ga shekara 25 zuwa 30 ɗin nan da ruwa ke yi kafin ya fita.

Wa ya biya kuɗin? Masunta. Babban kifin Baltik shi ne kod. Ƙwansa ba ya iyo sai a ruwa mai gishiri, wato ƙasan murfi, daidai inda iska ta ƙare. Cikin manyan wuraren haihuwarsa uku, na kusa da tsibirin Bornholm ne kawai ya rage mai amfani. Ƙananansa kuma da Saduriya da tsutsotsin laka suke girma. A 1984 an kama tan wajen 400,000. Daga baya kifin ya rame, ya ƙanƙance, kai babba jiki kamar tsinke. Kamun da ya wuce kima da tsutsar hanta su ma sun taimaka, gaskiya ce. A watan Yulin 2019 Tarayyar Turai ta hana kamun kod a mafi yawan tekun. Gidajen da suka gaji su tun kaka da kakanni suka jingine jirage.

Amma kada ku tashi da baƙin ciki, akwai inda aka ga haske. A gaɓar yammacin Suwidin akwai wani lungun teku, Saltkallefjord, inda wani kogi ke kawo dattin masana'antar takarda har lakar ta mutu. A 1966 aka rufe sashen da ke zubar da dattin. Rosenberg ya bi wurin shekara bayan shekara. Ƙananan tsutsotsi suka fara dawowa, sai ƙumba, sai manya. Cikin kimanin shekara takwas wurin ya koma kusan yadda yake a da. Ruwan da ke kewaye da Istokholm ya gyaru bayan an inganta matatun birnin. Wata baƙuwar tsutsa, Marenzeleriya, wadda aka fara gani a Baltik a 1985, ana kyautata zaton jiragen ruwa ne suka kawo ta, ta zo da haƙa mai zurfi da juriyar ƙarancin iska, kuma a wasu wuraren ta taimaka wa laka ta sake kama fosforas. A Kopenhegan, tashar jiragen ruwan da a da ba mai kusantarta, tun 2002 mutane ke iyo a cikinta. A Finlan manoma na barbaza farar ƙasar jifsam a gona don ta riƙe fosforas. Ƙa'idar a fili take: inda wuri ƙarami ne kuma aka toshe tushen, rai na dawowa da wuri. Inda ya yi faɗi da zurfi, sai 'ya'ya ko jikoki.

Kuma in aka yi sakaci ana komawa baya. A kakar 2023 Denmak ta ga shaƙewar ruwa mafi muni cikin shekara 20. A watan Afrilun 2024 masu fafutuka da masu kamun kifi suka taru a bakin lungun tekun Vejle suka yi masa jana'iza, don lakarsa ta zama kufai. A ƙarshen shekarar 'yan siyasar ƙasar suka amince a mayar da hekta 250,000 na gona daji, a kuma janye noma daga hekta 140,000 na ƙasar fadama. Ku duba, fadamar da kakanninsu suka busar da gumi, ita jikoki ke biyan kuɗi don a maido.

Kada wani ya ce na zo yaƙi da taki. Mu nan matsalarmu ƙarancinsa ce, shi ya sa a 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka sa burin kilo 50 a kowace hekta. Muna kan hanyar da waɗancan suka bi ne, sai dai mu muna da damar ganin inda ta kai su. Takin da ruwa ya wanke asarar manomi ce tun kafin ya zama matsalar kogi, kuma fadamar da muke cikewa muna gini a kai aiki take yi mana kyauta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai amsar ƙanena. Ƙanena, shekara uku ba komai ba ce. Amma kana da gaskiya ta wani ɓangaren: in muna yashe ƙasa ana zubowa daga sama, haka za mu ƙare. Mutanen Baltik ba su shiga teku da shebur ba, kogi suka bi har zuwa gona da masai. Mu ma bana sai mu bi kwatar nan zuwa sama mu ga daga ina sharar ke fitowa, wa ke zubawa, wa ya kamata ya kwashe. Sannan mu yi irin na Hessle. Mu sayi littafi, duk ranar da aka yi ruwa mu rubuta kwanan wata, inda ruwa ya kai a jikin bango, gida nawa ya shiga, mu ɗauki hoto a wuri ɗaya. Ba don ƙirgar tsutsar da ya yi a 1920 ba, da ba wanda ya isa ya tabbatar da komai a 1977. Wataƙila mu ne za mu kai littafin gaban hukuma, wataƙila wani yaro ne da yanzu yake firamare.

A nan zan dakata. Ranar Asabar da safe muna nan a bakin kwata, wanda ke da shebur ya zo da shi, ni zan zo da littafin. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.